Kwalekwalen Saudatu

Ranar Juma'a, da aka sauko daga masallaci, mutanen Sabuwar Ɗinya suka tarar ɓarin kwalekwalen da ya ci ran Munir ya ɓace daga ƙofar gidan dagaci. Kafin la'asar sun gama bincike, sun gano mai laifi, har sun fara gardamar hukuncin da ya dace da ita. Hujjarsu biyu ce. Ta farko, wai duk namijin garin yana masallaci a lokacin, saboda haka mace ce. Ta biyu, an ga sawun takalmin roba mai dogon wuya a wurin, kuma kowa ya san mace ɗaya ce ke sa irinsa a garin. Ka ji manyan malamai.

Ni Habu ne, mai bin sawu. Shekara arba'in da 'yan kai ina bin shanun sata daga Tudun Wada har cikin dazukan Doguwa, kuma ban taɓa shiga garin da aka yi ɓarna na tarar babu masana ba. Sanin nasu dai ba ya wuce sunan wanda suka daɗe suna jin haushinsa.

Macen da ake zargi ita ta zo mini da kanta, ran Asabar da hantsi, a kan acaɓa. Saudatu sunanta, ba za ta wuce shekara talatin ba, bayan hannuwanta duk tabon ƙuna. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta ba kwana-kwana. Ita ke ƙera kwalekwale da zaren rama da ruwan roba a bakin dam ɗin Tiga. Guda bakwai ta yi. Na bakwai ya tsage da wani masunci, Munir, a tsakiyar ruwa ran Talata, sai gawarsa aka tsamo. An jawo ɓarin gindin jirgin an ajiye gaban dagaci, don 'yan sanda za su zo ran Litinin da wani masani ya duba. Yanzu ɓarin ya ɓace. In Litinin ta yi babu shi, za a rufe mata wurin aiki, a tafi da ita a kan ta yi jirgin da ya kashe mutum kuma ta ɓoye shaida.

Na ce mata ni shanu nake bi, ban san roba ba.

Ta ce, "Baba Habu, wanda ya ja shi ai ƙasa ya taka."

Maganar ta yi mini. Na ɗauki sandata.

*

Sabuwar Ɗinya gari ne na mutanen da ruwa ya tasa. Tsohuwar Ɗinyar tana can ƙarƙashin dam, kuma har gobe tsofaffinsu na nuna maka tsakiyar ruwa da baki su ce can ne gidanmu. Wurin aikin Saudatu rumfar kwano ce a gefen gari, da ɗaki ɗaya mai ƙofar ƙarfe. Kafin in duba ƙasa na ce ta nuna mini yadda ake mayar da rama jirgi, domin ba na bin abin da ban san kamarsa ba.

Ta nuna mini. Zaren rama, in ji ta, yana da ƙarfi, amma mashayin ruwa ne, kuma jikinsa akwai wani maiƙo da ke hana roba kama shi. Sai an tsoma shi a ruwan soda, irin ta masu sabulu, ta cinye maiƙon ta bar shi da kaushi. Sannan a ɗauraye shi har sodar ta fita sarai, don in ta saura ita ma cin zaren take. Sannan a shanya, a kuma gasa shi a wata ganga da ta mayar tanderu, a ɗora a sikeli, a sake gasawa, har nauyinsa ya daina raguwa. A nan ne ake ɗaure shi cikin leda. Ranar aiki a shimfiɗa shi a mazubi bene-bene, ana shafe kowane bene da ruwan roba.

Na tambaye ta abin da zai faru in zaren bai bushe ba. Ta ce robar za ta daskare a kansa amma ba za ta riƙe shi ba. Za a bar 'yan ƙananan kafofi da ido ba ya gani, ruwan dam ya bi ta nan a hankali, zaren ya kumbura, benayen su rabu. Daga waje jirgin lafiya lau, har ranar da zai buɗe. Shi ya sa ko randar sha ba ta bari a cikin ɗakin ba. Ta nuna mini ita can waje, gindin bishiya. Jirage shida na farko sun haura shekara a ruwa, ko ɗaya bai ƙara nauyi ba, kuma zaren na bakwai da hannunta ta gasa shi.

A bakin ƙofar ɗakin wani dattijo na zaune a kan 'yar kujera, ya miƙe ƙafa ɗaya. Mahaifinta ne, Malam Alasan. Da ta faɗi sunan na gane shi, domin igiyar Alasan Ɗinya ta yi suna a kasuwannin shanu tun ina saurayi. Fulani na tambayarta da suna. Da igiyar leda ta kashe masa kasuwa, 'yarsa ta dawo daga makarantar fasaha ta zaunar da shi kusa da ita, ta ce shi zai riƙa shimfiɗa zare a mazubi, tunda babu wanda ya kai shi sanin rama. Ya ɓantara mini goro, ya jefa nasa a baki. Ya yi kukan gwiwa, wadda ya ce kwana uku ke nan ta hana shi sakat. Da na ambaci jirgin sai ya girgiza kai, ya ce shi dai yara da karatunsu sai addu'a.

Takalman robar na jingine a bayan ƙofa, da busasshen taɓo a jikinsu. Saudatu ta ce nan suke kwana, kuma da rana ƙofar a buɗe take.

*

A ƙofar dagaci na tarar da abin da na saba tararwa. Mutum ɗari sun tattake wurin, kowa ya zo ganin sawu ya bar nasa a kai. Shugaban 'yan sintirin garin, wani Muzammil, ya tarbe ni da usur a wuya da tocila a hannu, rana tsaka. Ya ce mini aikin ya riga ya ƙare, ni dai in tabbatar. Na ce masa ya tsaya a bayana, kuma in ya ga dama ya kunna tocilar ko za ta taimaka wa rana.

Sai da na zaga bayan danga na sami sawun da ba a ɓata ba. Takalmin Saudatu ne, babu shakka, ga kuma layi biyu inda gefen ɓarin ya yi ta karce ƙasa. Amma takalmi daban, ƙafa daban. Gaban sawun ya nutse, diddigen kuwa da kyar ya taɓa ƙasa, kuma a karkace. Mai ƙafar da ta fi takalmin girma ne ya cusa ta, diddigensa ya tsaya a wuyan takalmin, ya yi ta tafiya a kan yatsu. Na kira Saudatu ta sa su ta taka a gefe. Nata sawun ya zauna daram, gaba da baya. Na nuna wa Muzammil. Ya duƙa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ai mata akwai dabara.

Sawun ya bi bayan gidaje, ya bi hanyar ruwan lambu, duk taku talatin sai mai jan ya tsaya ya huta. Daga nan ya shiga filin da Kamilu masassaƙi ke fafe kwalekwalen itace. Kafin in ɗaga kai Muzammil ya hura usur. Mutanen da jiya suka rantse Saudatu ce, yanzu suka tuna cewa tun da ma Kamilu bai kwanta musu ba. Ai ita ta kashe masa kasuwa, ai an ji shi yana kiran aikinta jirgin ciyawa. Wani ma ya ce ƙila shi ya huda jirgin tun farko. Ban taɓa ganin mutane masu saurin sauya gaskiya irin waɗannan ba.

Kamilu bai ko ajiye gizagonsa ba. Ƙato ne, ƙafarsa ko rabin takalmin nan ba za ta shiga ba. Ya ce e, ya kira shi jirgin ciyawa, kuma yanzu ma ya sake kira. Ran Juma'a kuwa a sahun gaba ya yi salla, kafaɗa da kafaɗa da dagaci.

Ya ce, "Kuma in ɓoye shi don me? Da ni ke da iko, a tsakiyar kasuwa zan rataye shi kowa ya gani."

Mutumin ba shi da daɗin zama, amma ba shi da wauta. Na zaga filin na ga sawun ya ratsa cikin sassaƙe ya fita ta ɗaya gefen, ya nufi fadama.

*

Kafin in sauka fadamar na biya gidan mamacin na yi gaisuwa. Mahaifiyarsa, Inna Kaltume, tana zaune a kan tabarma da carbi, kuma ita kaɗai ce a garin nan ba ta gaya mini wanda ya yi ba. Na tambaye ta ko Munir ya taɓa kuka da jirgin. Ta ce ya yi. Kamar mako biyu kafin abin, ya ce mata jirgin ya ƙara nauyi, kuma gindinsa ya yi bororo, in ka danna sai ya lotsa. Ta ce masa ya je ya faɗa. Ya je, ya tarar Saudatu ta tafi Kano sayen kayan aiki, sai ya gaya wa mahaifinta. Malam Alasan ya ce masa kada ya damu, sabon jirgi ne, yana shan ruwansa ne kamar na itace, zai zauna.

Na tambayi Saudatu a waje ko saƙon ya iso gare ta. Ta dube ni kamar na yi mata wani yare. Ta ce ba wanda ya gaya mata, kuma jirgin roba ba ya shan ruwa, in ya sha to ya mutu. Sannan ta ce tsufa ne, Baba ya manta. Na tambaye ta dai wa ya shimfiɗa gindin jirgi na bakwai. Ta ce su biyu suka fara, zazzaɓi ya kwantar da ita kwana biyu, shi ya ƙarasa.

Sawun ya ƙare a bakin wani kududdufi da ake jiƙa rama. Ruwan kore ne, warinsa kuwa sai wanda ya ji. Muzammil ya toshe hanci ya ce ai nan babu komai. Na naɗe wando na shiga. Ɓarin yana ƙasa, an gicciya sanduna biyu a kansa an danne da duwatsu, daidai yadda ake danne damin rama kada ya taso. Na jawo shi gaɓa na wanke shi da ruwan lambu.

Inda ya tsage, benayen sun rabu kamar ɓawon albasa, zaren ya kumbura ya yi baƙi. Amma can gefe akwai inda robar ke nan garau, kana hango zaren fari a ƙarƙashinta. Na karkata shi ga rana. A jikin farin zaren, a cikin robar, inda hannu ba zai kai ba, akwai ɗigo-ɗigo ja, ƙanana, a warwatse. Ba jini ba ne, ba tsatsa ba ce. Na daɗe ina kallonsu, raina na ɓaci, domin na san inda na taɓa ganin irinsu. Na rufe ɓarin da buhu, na ce wa Muzammil ya ɗauka, tunda dai Allah ya hore masa ƙarfi.

*

Ran Lahadi bayan la'asar dagaci ya tara mutane a ƙofarsa. Na ce a zaunar da Saudatu da Kamilu a gaba, Malam Alasan ma a kawo masa kujerarsa saboda gwiwa. Inna Kaltume ta zo ta zauna can gefe cikin mata. Ɓarin na gabana a rufe. Kusa da shi na ajiye ƙwaryar ruwa, da ƙunshin farin zaren da na karɓa a wurin Saudatu, wanda ta gasa ta ɗaure a leda. Na raba goro kamar yadda ake yi, kowa ya jefa a baki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin in faɗi abin da na gani, ina son 'yar igiya a ɗaure wannan kaya, kada ya sake yin ƙafa kafin gobe. Kamilu, tufka mana."

Kamilu ya harare ni, amma ya karɓa. Na san abin da zai faru. Zaren da soda ta ci aka kuma gasa shi ba ya lanƙwasuwa da daɗi, tsikarar hannu yake, yana zamewa. Ga hannun da ya saba da gizago. Ya murza a cinya ya warware, ya sake murzawa ya tsinke. Mutane suka fara dariya. Ni kuwa ba Kamilu nake kallo ba. Malam Alasan ya yi tsaki sau ɗaya, ya kau da kai. Ya yi na biyu. A na uku ya miƙa hannu ya fizge zaren.

Ya ce, "Kawo nan, kada ka wulaƙanta rama a gabana."

Ya baza zaren a cinyarsa. Ko kallon ƙwaryar bai yi ba, hannunsa ne ya je ya ɗauko ta. Ya kurɓi ruwa, ya kumbura kumatu, ya fesa a kan zaren, kamar yadda duk mai tufka ke yi tun kafin a haife ni. Zaren ya yi laushi nan take. Ya fara murzawa, kuma wallahi ban taɓa ganin hannu mai kyau irin wannan ba.

Na dafa hannun nasa na tsayar da shi. Na yaye buhun, na ɗauki zaren daga cinyarsa na ɗora a kan ɓarin, kusa da inda robar ke garau. Ruwan ya fito ne daga bakin da ke cike da goro. Ɗigo-ɗigo ja a kan na yau, ɗigo-ɗigo ja a cikin na jirgin, girmansu ɗaya, watsuwarsu ɗaya. Dagaci ya sa tabarau ya duba. Har Muzammil ya rasa abin hurawa.

Na faɗa musu sauran a taƙaice. Wanda ya fesa wa zaren ruwa ya shafe shi da roba, shi ne ya ga jan goron nan ranar da aka jawo ɓarin, ya kuma san masanin da zai zo zai gan shi. Gwiwa ta hana shi zuwa masallaci, amma ba ta hana shi jan rabin jirgi har fadama ba.

Saudatu ba ta yi kuka ba. Ta matso ta durƙusa a gabansa, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Baba, ruwa ka sa?"

Ya ce, "Ba a taɓa rama a bushe. Shekara sittin ina aikinta. Ke da na goya, ke za ki koya mini rama?"

"Sau nawa na roƙe ka?"

Ya ce shida na farko tana tsaye a kansa kamar mai gadin fursuna, ya yi yadda take so, hannunsa duk ya tsage. Na bakwai ya samu sarari ya yi shi yadda ya dace. Har a lokacin bai ce ya yi kuskure ba. Cewa ya yi robar ce ba ta da kyau.

Na tambaye shi takalman fa, me ya sa ya cusa ƙafarsa cikin na 'yarsa. Ya ce saboda ƙaya. Na dubi ƙafar tasa, tafinta ya fi na takalmin kauri, ƙafar da ta yi shekara saba'in tana yawo a fadama ba ko silifa. Na so in tofar da yawu, amma ina gaban dagaci.

Sai Inna Kaltume ta tashi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam Alasan, ranar da yarona ya zo ya gaya maka gindin ya yi bororo, ka san dalili?"

Ya sunkuyar da kai yana murza guntun igiyar da ya fara. Ta jira. Sannan ta gyara mayafinta ta tafi gida.

*

Ran Litinin 'yan sanda suka zo, masanin ya duba ɓarin bai ɗauki minti goma ba, suka tafi da Malam Alasan. Ba a rufe wurin aikin ba. Kada ka ɗauka mutanen Sabuwar Ɗinya sun ji kunya. Kafin ƙurar motar ta kwanta na ji su a gindin bishiya suna cewa ai sun faɗa, yarinyar nan ba ta da imani, ita ta je har Tudun Wada ta ɗauko wanda zai tona wa ubanta asiri. Muzammil na tsakiyarsu yana ba da labarin yadda ya gano kududdufin.

Da zan tafi na biya in yi mata sallama. Na tarar ta kunna tanderu, ta ɗora zare a sikeli tana jiran allurar ta tsaya. Ta yi mini godiya da ladabi, ba ta dubi idona ba, ni ma ban nemi ta duba ba. Ina hawa acaɓa na ga ta fito da 'yar kujerar mahaifinta. Ta tsaya da ita a hannu kamar mai neman inda za ta sa, sannan ta kai ta gindin bishiya ta ajiye kusa da randa, ta koma ciki ta ja ƙofa.